Bayanin Aikin Mayar da Zannuwan Gadonmu Masu Roba

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na ware wannan littafi ne domin in riƙa ajiye awo da lissafin kuɗi a wuri guda, tun da aikin zai ɗauki makonni, kuma a ranakun makaranta ba na samun zama a kan keken ɗinki sai bayan la'asar. Abin da nake son yi shi ne in mayar da zannuwan gadonmu na shimfiɗawa su zama masu roba a baki, irin waɗanda ke kama katifa ta kusurwoyinta huɗu su zauna daram. Katifu huɗu ne a gidan: biyu na yara, ɗaya ta ɗakina, sai babbar da ke ɗakin Hajiya. Na yaran ne suka fi matsa mani, domin akwai leda a kansu, zane kuwa ba ya zama a kan leda. Kafin asuba ya tattare ya koma gefe guda, yaro ya ƙarasa barcinsa a kan leda mai sanyi, ga hunturu ya fara leƙowa.

Yau awo kawai na yi. Masu sayar da katifa da ƙafa suke kiran ta, su ce shida da uku, ko shida da huɗu da rabi, ko shida da shida, amma da na ɗora tef sai na ga tsawon kowacce inci 75 ne, ba 72 ba. Wannan inci ukun ya isa ya lalata aiki ga wanda ya dogara da sunan katifa bai auna ba. Na yara faɗinsu inci 36 ne, kaurinsu 6. Tawa faɗinta 54, kaurinta 10. Ta Hajiya faɗinta 72, kaurinta 12.

Lissafin da zan bi shi ne, a kowane gefe na katifa ana buƙatar yadin da zai sauko ya rufe kaurinta, da wanda zai shige ƙarƙashinta, da kuma wanda za a kalmasa ya zama gidan roba. Ga katifar yara, kauri 6, shigewa 3, kalmasa 1, ya zama inci 10 a kowane gefe, wato zanen da za a yanka ya kai inci 95 a tsawo da 56 a faɗi. Ga tawa na ba shigewa inci 4 saboda nauyinta, ya zama 15 a kowane gefe, wato 105 da 84. Ta Hajiya kuwa 17 ne a kowane gefe, wato 109 da 106, kuma tun yanzu na san babu zane mai wannan girma a gidan nan.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na fito da duk zannuwan da ke cikin akwati na shimfiɗa su a tsakar gida ina aunawa. A nan ne na fahimci cewa kaurin katifa shi ne ke yanke hukunci a wannan aiki, ba tsawonta ko faɗinta ba, domin kowane inci ɗaya na kauri yana cin inci biyu a tsawon zane da wasu biyu a faɗinsa. Zanen da ake shimfiɗa wa katifa a kullum sau da yawa ba zai isa a mayar da shi mai roba na wannan katifar ba, sai dai na wadda ba ta kai ta girma ba. Wanda nake shimfiɗawa a ɗakina inci 90 ne da 80, ya gaza ta kowane ɓangare, saboda haka na mayar da shi akwati.

Biyu daga cikin ƙananan za su yi wa yara. Ɗaya shuɗi ne mai ratsi, inci 94 da 64, ɗayan kuma fari mai furanni, 96 da 62, wanda ya ɗan kwana biyu. Shuɗin ya gaza da inci ɗaya a tsawo, amma kalmasar kansa mai faɗi ce, kuma da na farke ta da reza, na farke ta ƙasa ma, sai ya kai 98. Akwai wani babba, 98 da 80, wanda tsakiyarsa ta siɗe har ana hango haske ta cikinta. Na ajiye shi gefe tukuna.

Talata, 5 ga Nuwamba

Daga makaranta na biya Babbar Kasuwa. Roba mai faɗin rubu'in inci, yadi 10 a kan ₦150 kowane yadi, ₦1,500. Zare biyu, fari da shuɗi, ₦700. Allin tela ₦200. Gawayi na ₦500 saboda dutsen guga, tun da wuta ba abin dogaro ba ce a 'yan kwanakin nan. Keken nawa Butterfly ne na ƙafa, shi bai san da zaman wutar lantarki ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na fara da shuɗin. Kafin almakashi ya taɓa shi sai da na goge shi tas, musamman layukan tsohuwar kalmasa, waɗanda ba su kwanta ba sai da na yayyafa masu ruwa. Da na ninka shi biyu sai na ga kusurwoyin ba su haɗu ba, ɗaya ta zarce ɗaya da kusan inci biyu, alamar tun daga wurin masu yanka ba a bi zaren saƙa ba. Na ɗan tsaga baki da almakashi na yage shi da hannu, domin yadin auduga idan aka yage shi yana bin zarensa ne ya tafi sak, sa'an nan ni da ɗiyata muka kama kusurwoyi biyu masu kallon juna a karkace muka yi ta ja har ya daidaita. Wannan gyara ya cinye inci biyu, amma duk da haka 95 ɗin ta fita. A faɗi na rage shi zuwa 56.

Sai kusurwoyi, waɗanda su ne ainihin aikin. A kowace kusurwa ana cire murabba'i, a haɗa bakunan nan biyu da suka rage a ɗinke, shi ne zai zama aljihun da kusurwar katifa za ta shiga. Domin kada huɗun su bambanta, na yanki kwalin taliya inci 10 da 10 na riƙa ɗora shi ina zana layi da alli. Amma ba a kan layin ake yankawa ba. Layin nan wurin ɗinki ne, yanka kuwa sai a bar rabin inci daga gare shi ta ɓangaren da za a zubar, wato abin da ake cirewa inci tara da rabi ne. Idan aka yanke goman cif, ɗinkin zai ci cikin saman zanen, ya rage mashi inci ɗaya a tsawo da ɗaya a faɗi, kuma a kan katifar da ba ta lanƙwasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Keken nawa ɗinki miƙaƙƙe kaɗai yake yi, ba ya datse bakin yadi, kuma zanen gado abu ne da za a yi ta wankewa, idan aka bar bakin a buɗe zai tsefe. Saboda haka na yi ɗinki mai ɓoye baki: na haɗa bakunan biyu fuskar zanen tana waje na ɗinke kusa da baki, na rage abin da ya yi saura da almakashi, na juya shi ciki na goge, sa'an nan na sake ɗinkewa a kan layin alli ta yadda bakin farko ya shige cikin na biyu. Aiki biyu ne a kowace kusurwa, amma daga ciki da waje babu zare ko ɗaya da ke lilo. Kafin magariba na gama huɗun, na gwada a kan katifa, kowane aljihu ya zauna a wurinsa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau gidan roba. Na kalmasa baki gaba ɗaya, na farko rubu'in inci, na biyu kashi uku cikin huɗu na inci, ina bi da dutsen guga kafin in ɗinka, domin kalmasar da ba a goge ba tana gudu a ƙarƙashin allura. Aikin ya tafi lafiya har na iso kusurwa ta farko, inda ɗinkin jiya ya ninku cikin kalmasa ya zama tudu mai kauri. Keken ya fara tsallake, zaren ƙasa ya cukurkuɗe, da na ƙara taka shi sai allurar ta karye, guntunta ya yi tsalle ya faɗa cikin tabarma. Sai da na hana yara shigowa muka nemo shi da maganaɗisun tsohuwar rediyo.

Allurar lamba 14 ce, wadda ta dace da zanen idan ninki biyu ne ko uku, amma ba ta iya wannan tudu ba. Na aiki yaro shagon kayan ɗinki da ke bakin titinmu ya sayo fakitin lamba 16 a kan ₦800. A sauran kusurwoyin kuma na yi dabara biyu: na daddaka tudun da taɓarya ƙarama a kan dutse har ya kwanta, kuma idan na iso wurin sai in sauke ƙafa in riƙa juya keken da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Ba a sake samun matsala ba.

Kewayen bakin zanen inci 222 ne. Na yanki roba kashi biyu cikin uku na wannan, inci 148, yadi huɗu da 'yan kai ke nan, na maƙala mata babban fil mai rufewa na zura ta ƙofar inci biyu da na bari, kamar yadda ake zura zariya a wando. Na kusa rabi fil ɗin ya buɗe a ciki ya soki yadin, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Dole na farke ɗinki a daidai wurin na fito da shi, na naɗe bakinsa da salatif, na ci gaba. Ɗaya bakin robar kuwa tun farko na kafe shi da fil a bakin ƙofa don kada ya bi ya shige. Da suka haɗu na ɗora baki a kan baki inci ɗaya, na ɗinke shi gaba da baya, na rufe ƙofar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Shuɗin yana kan katifar ƙaramin yaron tun daren Lahadi kuma bai motsa ba. Babu ɗinki yau, ina gyaran takardun gwajin ɗalibai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na yi farin mai furanni da awo iri ɗaya, kuma aikin ya fi na farko sauri nesa ba kusa ba. Amma wannan karon na gwada wata hanya domin in ga ko za a iya tsimin roba: maimakon ta zagaye baki duka, sai na sa guntu mai inci 12 a kowace kusurwa, na ja shi ya rufe tazarar inci 20, na ɗinke shi kai tsaye a jikin yadin ba tare da gida ba. Robar da ta tafi ba ta kai yadi ɗaya da rabi ba. Ɗinka roba a miƙe yana son hannu biyu, ɗaya yana ja ta gaba ɗaya ta baya, ƙafa kuma tana tafiya a hankali, in ba haka ba allura ce za ta ɗauki nauyin jan.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Mai roba a kusurwa kaɗai bai yi ba. Kusurwoyin suna kamawa, amma dogayen gefunan biyu suna kwance sakaka, kuma da yaro ya juya sai gefen ya zame ya hau kan leda. Wataƙila a kan katifar da ba ta da leda zai iya zama. A nan dai sai mai zagaye.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Babban koma baya. An wanke zannuwan biyu jiya, an shanya su a igiya, kuma da na zo mayar da shuɗin sai na ji bakinsa ya saki, robar ta miƙe ba ta koma ba. Na farke ƙofar na zaro ta na auna, ta tashi daga inci 148 zuwa kusan 190, kuma idan aka ja ta ana jin ƙananan zaruruwan cikinta suna tsinkewa. Ta kusurwoyin farin ta fi lalacewa, duk inda allura ta ratsa ta ta mutu murus.

Na ɗauki guntun na kai wa wani dattijon tela da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, wanda ya daɗe yana yi wa maigida ɗinki. Bayan mun gaisa na miƙa mashi, ya ja ta sau ɗaya tsakanin yatsunsa ya ce, "Malama, dubi yadda take sirancewa idan an ja ta. Wannan ta hannun rigar yara ce, ba ta ɗaukar nauyi, kuma ba a ɗinka ta da allura." Ya ciro wata daga aljihun kekensa ya ja ta a gabana, faɗinta bai canza ba. Ya bayyana mani cewa mai layi-layi a tsaye, wadda aka yi ta kamar kitso, ita ce ke tsukewa idan an ja ta, kuma a cikin gida kaɗai take aiki. Wadda aka saƙa kuwa tana riƙe faɗinta, tana kuma jure allura. Na ce, "Baba, to ko wankin ne ya kashe ta?" Ya ce wanki da ruwan zafi da barin kaya a rana tun safe har yamma suna rage wa kowace roba kwana, amma mai kyau ba ta mutuwa a wanki ɗaya.

Da wannan bayani na koma kasuwa na nemi saƙaƙƙiya mai faɗin rabin inci, ina jan kowacce kafin in yi ciniki, har mai shagon ya tambaye ni ko ni ma tela ce. Yadi ₦300, ninkin ta farko. Na sayi yadi 14 a kan ₦4,200, domin zannuwan yara biyu za su ci inci 148 kowanne, nawa kuma 172, jimla yadi 13 cif, ɗayan na ko-ta-kwana. Abin farin ciki shi ne gidan da na yi kashi uku cikin huɗu na inci ne, sabuwar ta shige ba tare da na farke kalmasa ba. Shuɗin ya koma kan katifa a daren nan.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na cire matattun guntaye daga farin, na yi mashi gida na zagaye, na zura sabuwar roba. Farke ɗinkin da aka yi a kan roba ya fi ɗinkin kansa cin lokaci.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An yi albashi, na sayo zane domin katifar ɗakina. Na tafi da tef a jaka, kuma ya yi amfani, domin abin da aka rubuta a jikin leda ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba. Mafi girman da na samu a cikin masu auduga inci 100 ne da 88, da rigunan filo biyu, a kan ₦9,500 bayan doguwar tayawa. Mai shagon ya ce daga Kantin Kwari ta Kano yake saro su, kuma waɗanda suka fi wannan girma sai an yi oda. Akwai masu santsi na leda-leda da suka fi araha kuma suka fi faɗi, amma duk wanda ya kwana a kansu a watan Afrilu a garin Katsina ba zai sake marmarinsu ba.

Ban yanka shi ba sai da na jiƙa shi na wanke, domin sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma gara ta tsuke kafin a ɗinka da ta tsuke bayan an ɗinka. Ruwan farko ya fito ja-ja, yana zuba, saboda haka shi kaɗai za a riƙa wankewa na ɗan lokaci. Da iskar nan ta hunturu kafin azahar ya bushe. Na auna: 97 da 87. Tsawon ya ragu da inci uku, faɗin da ɗaya.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ina buƙatar 105, ina da 97. Kalmasar wannan zanen siririya ce, farke ta ba zai ba ni ko inci ɗaya cikakke ba. Na yi tunanin rage shigewar ƙarƙashi, amma lissafi ya hana: idan aka cire 75 daga 97 saura 22, wato 11 a kai 11 a ƙafa, kaurin katifa ya cinye 10, kalmasa ta cinye ɗayan, babu abin da zai shige ƙasa ko kaɗan. Irin wannan zane yana hawa katifa ya yi kyau a ido, amma da an zauna a bakin gado sai ya fizge.

Mafita ita ce ƙari. Na ɗauko zanen nan mai 90 da 80 da na mayar akwati, na yanko ƙyallaye masu faɗin inci 5, na jona su har suka kai faɗin sabon, na ɗinka ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Rabin inci daga kowane ɓangare ya tafi a ɗinki, ya rage goma da rabi na sabon da huɗu da rabi na ƙarin, 15 ke nan daidai. Amfanin raba ƙarin gida biyu maimakon a zuba shi duka a gefe guda shi ne layin haɗin ya faɗa a ƙarƙashin katifa da rabin inci, inda ido ba ya kaiwa, ko da yake launin biyun ba su yi kama ba ko kusa. Hajiya ta leƙo ta ga ja da ruwan ƙasa a haɗe ta ce, "Wannan kuma wane irin faci ne a sabon zane?" Na ce, "Hajiya, ƙasa zai shige, ba mai ganinsa." Ta ce za ta gani.

A faɗi na rage inci uku, na zana kusurwoyi da sabon kwali mai inci 15.

Laraba, 4 ga Disamba

Bel ɗin keke ya saki, ina takawa yana zamewa. Na cire ƙarfen da ya haɗa bakinsa, na rage shi kaɗan, na huda sabon rami da ƙusa na mayar. Na share ƙurar da ta taru a ƙarƙashin haƙoran keken, na ɗiga mai. Man keke ₦600. A wannan yanayi sai an riƙa rufe keken da zane ko da na awa ɗaya ne.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na gama kusurwoyi jiya, na gwada kafin in yi gidan roba, sai ga wata matsala da ban gani a katifun yara ba. Katifun yara soso ne tsagwaro, kusurwoyinsu masu kaifi ne, amma tawa kusurwoyinta a zagaye suke, ga shekaru sun ƙara danne su. Ɗinkin da ya tashi sak ya bar ɗan tsini a saman kowace kusurwa, yana tsaye babu komai a cikinsa. Na sa zanen a kife a kan katifar, na tsuke abin da ya yi yawa da yatsu na kafe da fil, na zana layin da alli, sai ya fito a lanƙwashe, yana farawa kimanin inci biyu daga cikin saman zanen ya sauko ya haɗu da tsohon ɗinki. Na bi wannan layin a huɗun, tsinin ya ɓace.

Kewayen inci 258 ne, roba 172. Da na gama zurawa na rarraba tattarar daidai, sa'an nan na kafe robar da ɗan gajeren ɗinki a tsakiyar kowane gefe domin kada ta murɗe ko ta taru wuri guda a wanki. Saƙaƙƙiya ce, allura ba za ta cuce ta ba. Ɗora shi a katifa mai nauyi yana son a fara da kusurwoyi biyu masu kallon juna a karkace, ta ƙarshe kuma a ɗaga katifar da gwiwa. Ya zauna sumul. Hajiya ta zo ta zagaya gadon, ta ɗaga gefe ta ga facin a ƙasa, ta sauke, ta ce nata yaushe.

Asabar, 14 ga Disamba

Farin mai furanni ya yage a tsakiya, tsagar ta kai tsawon hannu. Ba ɗinki ne ya saki ba, yadin ne ya gaji. Zanen shimfiɗawa yana kwance ne sakaka, idan aka juya sai ya bi jiki, amma mai roba a ɗame yake ta ko'ina, saboda haka duk inda zare ya yi rauni nan ƙarfin yake taruwa. Na ɗaga sauran jikinsa a rana na ga tsakiyar duka ta yi shara-shara, faci ba zai riƙe ba. Na zare robar, yadin kuma ya zama tsumman goge-goge.

A madadinsa na koma ga babban nan mai 98 da 80 da na ajiye tun farko. Tsakiyarsa ta mutu, amma gefunansa biyu, waɗanda shekara da shekaru suna rataye a bakin gado ba a kwanciya a kansu, suna nan da ƙarfinsu. Na yanke inci 20 na tsakiya na zubar, na juyo gefunan biyu masu inci 30 na haɗa su ta bakinsu na asali, na kwantar da haɗin na bi shi da ɗinki biyu don kada ya yi tudun da zai dami mai kwanciya. Ya ba ni faɗin 59, na rage zuwa 56. Yanzu mafi ƙarfin yadin ne a tsakiya, mafi rauninsa kuma zai shige ƙarƙashin katifa. Wannan dabara kafin a cire kusurwoyi take yiwuwa, shi ya sa ba ta ceci farin ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

An gama, an zura robar da na zare daga farin, yana kan katifar babban yaron. Ya ce bai ji layin tsakiyar ba.

Juma'a, 20 ga Disamba

Lissafi zuwa yau: roba ta farko ₦1,500, ta biyu ₦4,200, zare ₦700, alli ₦200, gawayi ₦500, allurai ₦800, man keke ₦600, sabon zane ₦9,500. Jimla ₦18,000, kuma zannuwa uku ne ke kan gado. Idan aka cire kuɗin sabon zanen da na robar da ta mutu, abin da aikin kansa ya ci ₦7,000 ne, kuma zare da allurai da mai duk akwai saura. An wanke shuɗin da jan da ruwan sanyi, ana kwashe su daga igiya da zarar sun bushe, robar tana nan yadda take.

Saura na Hajiya, kuma hanyar cire kusurwa ba za ta yi ba, tun da ƙarin da zai buƙata ta ɓangarori huɗu ne, layukan haɗin kuma za su faɗa a jikin kaurin katifa inda kowa zai gani. Abin da na tsara shi ne in yanki saman daban, inci 76 da 73, daga zanenta mai ruwan zuma da take so, in zagaye kusurwoyinsa daidai da na katifar, sa'an nan in ɗinka mashi doguwar ɗamara mai faɗin inci 17 da rabi wadda za ta zagaye shi duka. Kewayen inci 294 ne. Idan na samu farin yadi mai faɗin inci 60, ƙyalle biyar za su kai da ƙyar, saboda haka zan yanka shida, wanda zai ci yadi uku. An ce mani yadin ₦2,200 ne, ₦6,600 ke nan, sai roba inci 196, kusan yadi biyar da rabi. Da wadda ta rage, yadi biyar zan ƙaro, ₦1,500. Zan jiƙa farin yadin tun ranar da na sayo shi, in kuma sake auna kaurin katifar a wurare da dama kafin in yanka, domin gefen da Hajiya take zama ta yi lazimi ya fi sauran lotsawa. Ranar Litinin zan shiga kasuwa, in Allah ya kai mu.